Ba Kwamfuta Ce Ta Kori Goggo Ba

Doha, Satumba 2023

Hamsatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar Goggo? Ni ina nan kalau, in ban da baya da ke min tsiya saboda zaman kujera.

Na ga takardar da kika rubuta kika ɗauki hotonta kika turo. Rubutunki bai gyaru ba tun firamare, ban san abin da kike koya wa 'ya'yan mutane ba. Amma gara da kika rubuta. A waya kowa "to" yake ce min, in an kashe kowa ya yi abin da ya ga dama.

Ga abin da na fahimta, in na kuskure ki gyara. An faɗaɗa layinmu na Ƙofar Ran, an ci rabin zaure da ɗakin baƙi. Damina kuma ta kwantar da katangar gabas. Baffa Yero na son a rushe gidan a sake shi da bulo kafin ruwa ya dawo. 'Ya'yansa Mansir da Abdulsalam kowa na son sashensa, shi Baffa na son zaure, mahaifiyarki Goggo Habibatu kuma na son ɗakinta. Fili ya ragu, mutane sun ƙaru, sai aka tuna akwai wani a Doha mai zanen gini.

To, an tuna da ni. Da mahaifina ya rasu ina makaranta a waje, sai bayan sadakar uku na ji, a bakin wani ɗan ajinmu. Da na zo na tarar Baffa ya cika ɗakin marigayin da buhunan taki, gara ta cinye rabin littattafansa. Na fitar da buhunan da hannuna, na sa kwaɗo, mabuɗin na cikin jakata har yau. Ba tone-tone nake ba. Na faɗa ne don ki san inda sharaɗina ya fito.

Zan yi aikin, amma ki san yadda muke yinsa a nan. Tun kafin a ja layi ɗaya na gaske, ina ba kwamfuta girman fili, da inda rana ke faɗuwa, da inda iska ke fitowa, da yawan ɗakunan da ake so. Sai ta zana gidaje ɗari-ɗari, ta auna kowanne: wanne ya fi zafi da la'asar, wanne iska ke ratsawa, wanne ya bar tsakar gida. Ta zubar da marasa kyau, ta haɗa masu kyau su haifi wasu, ta sake aunawa. Yadda kakanmu ke zaɓen bijimin da zai bari a garke, haka take yi, sai dai ita ba ta gajiya. Abin da na sake mata, shi take juyawa. Abin da na ɗaure a turke, ba ta taɓa shi.

Abu biyu zan ɗaure: rijiya, da ɗakin mahaifina Malam Jalo. Ki gaya wa Baffa haka, baki da baki.

Ki aiko min da awon kowane gefe na filin, da hoton tsakar gida da hantsi da kuma la'asar, in ga yadda inuwa ke tafiya.

Ɗan'uwanki,
Mijinyawa

*

Inkil, Bauchi, Satumba 2023

Yaya Mijinyawa,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, maigidana Baban Fati na gaishe ka. Gwiwar Goggo sai a hankali, ba ta iya sallah sai a zaune. Bayanka kuma tsufa ne, ka daina ɗora wa kujera laifi. Shi ko rubutuna, ka dai karanta ka gane, ai ya yi aikinsa.

Ga awo nan da hotuna. Mansir ne ya riƙe min bakin tef ɗin awon, sau biyu yana sakinsa don amsa waya, sai da muka sake. Maƙwabta na ganinmu suka fara leƙowa, wai ko sayar da gidan za a yi.

Na gaya wa Kawu Yero sharaɗinka. Ya ja carbinsa, ya ce to. Amma da na yi masa bayanin na'urar sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ta ce shi za a yi. Ita ba ta da uwa ba ta da uba a gidan nan, ba wanda zai ce an zalunce shi." Ni dai murnar tasa ba ta kwanta min ba.

Ga dalili. Matar Abdulsalam ta fara cewa a tsakar gida, da murya yadda za a ji, wai ai Inkil akwai iska mai kyau, ga fili, ga jikoki. Ka san Goggo. Tunda aka yi aurena ba ta taɓa cin ko ƙosai a gaban Baban Fati ba, in ya shigo gaishe ta bango take kallo. Ta ce min, "In koma gidan suruki? In ci tuwonsa, ya ji tarina ta katanga? A gidan ubana aka haife ni, nan na dawo da mijina ya rasu, nan za a fitar da ni a makara." Baban Fati ba zai ƙi ta ba, ka sani. Ita ce ba za ta rayu a haka ba.

Don Allah ka sa na'urarka ta san da ita.

Ƙanwarka,
Hamsatu

*

Doha, Oktoba 2023

Hamsatu,

Sallama da fatan alheri. Ki yi wa Goggo sannu. A gurguje nake rubutu, an jibga mana wani otal da za a ce wani ne ya zana shi in an gama.

Na ba kwamfutar filin, ta yi ta juyawa. Cikin abin da ta fitar na tsamo uku, ga su nan a haɗe.

Na farko ya ɗauki kowa. Amma tsakar gida ta zama lungu, ba inda za a shanya ko zane, ɗakuna uku kuma suna fuskantar yamma. A watan Afrilu ba ɗaki za ku shiga ba, tanda ce.

Na biyu ya bar tsakar gida da faɗinta, sassa biyu cikakku, ga zauren Baffa. Iskar da ke zuwa daga kudu maso yamma lokacin bazara tana shiga ta ratsa gidan ta fita. Shi ya fi samun maki a awon zafi da iska. Matsalarsa, kusurwar da iskar ke shigowa dole ta zama a buɗe, don haka ɗaki ɗaya ya rasa wurin zama.

Na uku bene ne. Kowa ya samu, amma duk wanda ya hau sama yana kallon tsakar gidan maƙwabta har tukunyarsu, kuma na san ba za a kwana biyu ba a kai ku gaban mai unguwa. Ga shi ban amince da ƙasar kusa da rijiya ba.

Ku duba, ku yi shawara, ku gaya min. Wannan somin-taɓi ne, ba a kai ga zanen da za a ba magini ba. Za a tura ni wurin aiki a bayan gari, waya ba ta kamawa sosai, in kin ji ni shiru shi ke nan.

Mijinyawa

*

Inkil, Nuwamba 2023

Yaya Mijinyawa,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita.

Na kira ka har na gaji. Na tura saƙo, ko buɗewa ba ka yi ba. To ga abin da ya faru a bayanka, tunda kai ka jefo dutse ka juya.

Kawu ya sa Mansir ya buga zanen nan uku a shago. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tara maza a guntun zauren da ya rage, ya sa aka karanta wasiƙarka. Da aka zo inda ka ce na biyu ya fi maki, ya ɗaga hannu ya ce a tsaya nan. Ya ce, "Kun ji dai. Ba ni na faɗa ba, ba Mansir ba, ba Abdulsalam ba. Kwamfuta ta yanke." Kusurwar kudu maso yamma kuwa, ai ka san ɗakin wa ke wurin. Ko ka manta ne, tunda ka daɗe rabonka da gidan?

Shi da kansa bai iya zuwa ya gaya mata ba. Takardar ya aika mata da ita, matar da ba ta karatun boko. Ta juya ta sama da ƙasa ta ce min, "Ina nake a nan?" Na rasa abin da zan nuna mata.

Ba ta yi faɗa da kowa ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ta raba kajinta. Ta ɗaure kwanukanta a tsohon zane. Abinci sai na tsaya a kanta take taɓawa. In an tambaye ta sai ta ce ai ba Yero ba ne, inji ne, inji kuma ba ya jin roƙo.

Na roƙe ka abu ɗaya, ka sa na'urarka ta san da ita. Na duba zanen nan uku har idona ya yi ciwo. A kowanne akwai ɗaki ɗaya a tsakiya da ka zagaye da jan layi, ba ya motsi. Ɗakin da ba mai kwana a cikinsa sai ƙadangaru. Shi ya samu wuri, uwata mai rai ba ta samu ba. Na san an yi maka ba daidai ba. Amma Goggo ce ta zuba takin?

Istifanus magini zai fara rushewa da zarar an gama kwashe kaya. Ban san ko wannan za ta same ka kafin nan ba.

Hamsatu

*

Doha, Nuwamba 2023

Hamsatu,

Assalamu alaikum. Na dawo gari na tarar da kiranki da takardarki. Kafin komai, ki je ki ce wa Istifanus kada ya ɗaga ko bulo ɗaya. Ki ce wa Goggo ta kwance zanen nan.

Wannan wasiƙar ki karanta ta a zaure da bakinki, a gaban waɗanda aka karanta wa ta farko. In an ce mace ba ta magana a nan, ki tsaya daga bakin ƙofa ki ɗaga murya. Kuma kada wani ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Kwamfuta ba ta yanke komai ba. Ba ta san Goggo ba, ba ta san Baffa ba, ɗaki a wurinta akwati ne mai tsawo da faɗi. Makin nan da aka riƙe kamar hukuncin alƙali, ni na gaya mata abin da za ta auna, ni na gaya mata wanne ya fi wanne nauyi. Na ce zafi da iska, ta auna zafi da iska. Ban ce ta auna wanda zai kwana a gidan surukinsa ba, don ba a aunawa. Don kowa ya gani da idonsa, na ɗan juya nauyin na sake sa ta aiki. Ga zane nan na haɗo, na rubuta masa "na Baffa". Makinsa ya fi na biyun, iska har ta yi yawa. Abin da ya ɓata a cikinsa zaure ne. In maki ne ke yanke hukunci, to Baffa ya fara neman inda zai riƙa karɓar baƙi. Zan iya fitar da wanda Abdulsalam ne zai koma haya, kafin shayi ya huce.

Baffa na neman wani abu marar fuska ya faɗi abin da shi yake jin kunyar faɗa wa 'yar'uwarsa. Wannan ba zan ara masa ba. Amma ban ce shi mugu ba ne. Yana da 'ya'ya biyu da iyalansu, ba shi ya ci filin ba, kuma duk dabarar da ya yi wani zai ji ciwo. Ni kuma na rubuta "ya fi maki" na kama hanya, alhali na san gidan da nake aika wa. Da na rubuta sunan mai ɗakin a jikin zanen, da ba a samu inda za a ɓuya ba.

Saura maganar ƙadangaru. Na ji haushinki ƙwarai, har na rufe wayar. Ranar Juma'a da ba aiki na zauna na ce bari in nuna miki ba ɗakin ne matsala ba. Na cire jan layin, na sake shi daga turke.

Hamsatu, ina kallo. Tun a zagayen farko ɗakin ya fara matsawa, ya ƙanƙance, can ya ɓace. Duk gidajen da suka yi saura a sama, wurin nan fili ne a cikinsu. Ashe shi ya tsaya a tsakiyar gida kowa na kewaya shi. Da ya tafi, iska ta samu hanya ta tsakiya, ba ta bukatar kusurwar Goggo. Ɗakinta ya zauna inda yake, ƙofarsa kawai ta juya arewa, ta daina shan ranar la'asar. Sassa biyu sun fito, zaure ya fito, rijiya na nan. Na yi ta ƙoƙarin in ceci ko rabinsa, in mai da shi ɗan ma'aji. Duk yadda na yi sai wani ya rasa taga ko ya rasa ɗaki.

Ba wanda ya ga wannan sai ni. Ina iya rufe kwamfutar in ce bene za ku yi, ku je ku ƙarata da maƙwabta. Na daɗe zaune ina wannan tunanin, ba zan ɓoye miki ba. A ɗakin nan ya koya min alif. Shi kaɗai ne abin da ya rage a Bauchi da zan nuna in ce nawa.

Ga zane na huɗu nan. Kowane ɗaki na rubuta sunan mai shi a ciki, da manyan baƙaƙe. Inda ɗakin Malam Jalo yake na rubuta "tsakar gida". Kuma a ji da kyau, kada gobe a ce inji ne ya rushe shi. Ni na rushe shi, ni Mijinyawa, ina cikin hankalina.

Wani direba ɗan Yola, Hammajoda, zai tafi gida hutu, ta Bauchi zai bi. Na ba shi mabuɗin. A hannun Goggo za a sa shi, ba a hannun kowa ba. Kada kuma Baffa ya ɗauka mun shirya. Ba mu shirya ba.

Mijinyawa

*

Inkil, Disamba 2023

Yaya Mijinyawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Goggo ta cinye tuwo malmala guda jiya har tana cewa miyar ba gishiri, ka ga ta dawo.

Na karanta, daga bakin ƙofa kamar yadda ka ce. Da na zo kan zanen da ba zaure, Mansir ya fashe da dariya, Kawu ya harare shi ya mai da ita tari. Abdulsalam ya ce ai shi tun farko bai yarda da injin nan ba. Da na kai ƙarshe sai Kawu ya ce, "Bakin ubansa ya gado." Ya ɗauki zane na huɗu ya daɗe yana kallon tsakiyarsa, sannan ya tashi ya shiga ciki. Wannan karon da ƙafarsa ya je ɗakin Goggo. Ban san abin da suka ce ba, ta kore ni.

Hammajoda ya kawo mabuɗin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Goggo ta shiga ita kaɗai, ta share, ta fito da buzun Malam Jalo da sauran littattafan, suna wurina a akwati har ka zo. Ƙadangare ɗaya ne kawai a ciki. Na yi ƙari, ka yafe min sauran.

Yanzu ga sabuwar rigima. Goggo ta ce ƙyauren ɗakin nan na katakon maɗaci, ita ta riƙe wa Malam Jalo fitila ranar da ya kafa shi, kuma a ƙofar ɗakinta za a sa shi ko a fasa ginin. Istifanus ya ce gajere ne kuma siriri, bai kai ƙofofin yanzu ba, zai ɓata masa layin bulo. Kawu ya buɗe baki ya ce, "To a tambayi na'u..." Goggo ta ce, "A tambayi ɗan Jalo."

Wani abu kuma, ka yi yadda ka ga dama da shi. Da leburori suka zo cire ƙyauren da ƙarfe, Kawu ya hana su. Ya tuɓe babbar riga, shi da Mansir suka ɗaga shi a hankali, ya ɗauka a kafaɗa har ɗakin Goggo. Yau kwance yake da ciwon baya. Kun zama ɗaya.

Ƙanwarka,
Hamsatu

*

Doha, Disamba 2023

Hamsatu,

Sallama. Na ji daɗin labarin tuwon. Ki ƙara mata gishiri.

Ki ce wa Istifanus layin bulo ne zai bi ƙyaure, ba ƙyaure zai bi layin bulo ba. Turken da na kwance ɗakin daga kansa yana nan ba abin da ke jikinsa, zan ɗaure ƙyauren a kai, sauran bangon ya nemi yadda zai yi. Iskar da ƙofar za ta rage, zan mayar wa Goggo ita da taga ta sama. Ki auna min tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Ke da kanki, kada ki ba Mansir bakin tef.

Ki yi wa Baffa sannu da baya. Sannu kawai, kada ki ƙara komai a kai.

Na nemi hutu lokacin da za a ɗora rufi, ban sani ba ko za su ba ni. Na tuna tsawon ƙyauren nan, a goshina yake tsayawa. Ki gaya wa Goggo ba zan ɗaga ƙofar ba ko da yatsa ɗaya. Duk mai shiga wurinta sai ya sunkuya, da Baffa, da 'ya'yansa, da ni in na zo.

Ɗan'uwanki,
Mijinyawa